Yadda Za Ka Ga Burtu, Dinya, Shamuwa da Sauran Tsuntsayenmu a Dajinsu

Mutane da yawa sun tambaye ni yadda nake yi ina ganin tsuntsayen da nake ba da labarinsu. Wani ya ce ya kwana biyu a Yankari bai ga komai ba sai gwaggon biri. Wani kuma ya je Nguru a watan Mayu, ya tarar da ƙura da busasshen laka, ya dawo yana cewa labarin tsuntsayen wurin ƙari ne kawai. Tsuntsayen suna nan, tsarin tafiyar ne ya ɓaci. Ga yadda nake bi, daki-daki.

1. Fara daga ƙofar gidanka

Kada ka kashe ko kwabo tukuna. Ka ɗauki mako biyu, kullum bayan sallar asuba ka zauna minti 20 a inda akwai bishiya, ka koyi tsuntsaye goma da ke unguwarku: kurciya, hasbiya, shirwa, hankaka, tsattsewa, belbela, baiwar Allah, asisi, da duk wanda ya saba sauka. Ka san girman kowanne, kukansa, da yadda yake tashi.

Dalili shi ne waɗannan ne ma'auninka. Ranar da ka shiga daji wani baƙon tsuntsu ya gifta, abin da zai cece ka shi ne ka iya cewa "ya fi kurciya, bai kai hankaka ba." Wanda bai da wannan ma'auni sai dai ya ce ya ga wani tsuntsu shuɗi, kuma ba mai iya taimakonsa da wannan bayani.

2. Zaɓi tsuntsun, shi zai faɗa maka watan

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sa ranar tafiya sannan ya tambaya me zai gani. Ka juya abin.

In tsuntsayen ruwa kake so, lokacinka Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwan ambaliya ya fara ja baya, abinci ya fito fili, 'yan gida irin su dinya da kirinjijiya sun taru, ga baƙi daga Turai da suka gudo wa sanyin can.

In burtu kake so da manyan tsuntsayen daji, ka bari ciyawa ta bushe, daga Janairu zuwa Afrilu. Da damina ciyawar Yankari takan fi mutum tsawo, burtu kuwa a ƙasa yake yawo.

Shamuwa ta damina ce. Takan iso wajen Afrilu zuwa Mayu tare da hadarin farko, ta yi sheƙa a manyan bishiyoyin cikin gari, ta ƙyanƙyashe, sannan da kaka ta nufi kudancin Afirka. Ita ba sai ka shiga daji ba. Ƙauyukan Katsina, Jigawa, Maraɗi da Damagaram sun ishe ka. Baƙa ce, cikinta fari, fuskarta shuɗiya da ɗan ja a gaban ido lokacin haihuwa, kuma fara ce abincinta, shi ya sa manomi ba ya korar ta.

Mulufi da zalaidu kuwa sai ƙarshen damina zuwa kaka, lokacin da namijin mulufi ya sa jar rigarsa, zalaidu ya saki doguwar wutsiya.

Hattara: da rani waɗannan biyun sukan tuɓe ado su koma ruwan ƙasa, ba ka bambanta su da sauran 'yan tsuntsaye. Kada ka je nemansu a Maris ka ce sun ƙare.

3. Zaɓi wuri ɗaya, kada ka haɗa uku

Wurare uku nake tura mai farawa.

Na farko dausayin Haɗeja da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. A ɓangaren Yobe akwai mafakar tsuntsaye ta Dagona a ƙasar Bade, a ɓangaren Jigawa akwai Baturiya. Nan ne za ka ga dinya, wadda ta fi duk agwagin Afirka girma, baƙa da fari mai jan baki. Za ka ji kirinjijiya kafin ka gan ta, fito uku take yi a jere, fuskarta fara kamar an shafa mata alli. Akwai zalɓe iri-iri, jinjimi, da wani tsuntsu mai dogayen yatsu da ke takawa a kan ganyen bado kamar yana tafiya a kan tabarma, jikinsa ruwan goro, goshinsa shuɗi. A wajensu namiji ne yake kwanci ya yi renon 'ya'ya.

Na biyu Yankari a jihar Bauchi, kimanin kilomita 110 daga garin Bauchi zuwa sansanin Wikki. Ka bi hanyar Gombe, ka karya a Dindima, ka shiga ta ƙofar Mainamaji. An ƙirga nau'in tsuntsaye sama da 350 a dajin. Burtu, cilakowa, tsanwaka, gaggafa, babba-da-jaka, zabin daji, duk suna nan, musamman a gefen kogin Gaji.

Na uku dajin Amurum a Laminga, kusa da Jos, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis take, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos tun 2001. Ƙaramin wuri ne na duwatsu da kurmi, amma yana da abin da mutane ke tasowa daga wasu ƙasashe domin su gani. Zan zo kansa.

In kwana biyu gare ka, ka ba wuri ɗaya duka biyun. Safiya biyu a wuri guda ta fi safiya ɗaya a wurare biyu, domin ranar farko koyon wurin kake yi.

Hattara: kafin ka hau mota, ka kira wanda yake zaune a garin ka tambayi lafiyar hanya a wannan makon, ba labarin bara ba. Kada ka yi tafiyar dare. In an ce a dakata, ka dakata, tsuntsu zai dawo baɗi.

4. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Abu ɗaya ne ya cancanci ka ƙulla kuɗi a kansa: madubin hangen nesa mai ido biyu. Ka nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Lamba 8 na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita, shi ke shigo da haske. 8x32 ma ya yi, ya fi sauƙin ratayawa. Kada mai shago ya ruɗe ka da manyan lambobi irin 20x50. Hannunka zai riƙa rawa, tsuntsun ya riƙa tsalle a cikin gilashi. Masu jan gilashi mai ƙyalli da masu zuƙowa da mayarwa su ma ka bar su.

Na gwanjo mai kyau ya fi sabo mai araha. Amma ka gwada kafin ka biya: ka fito waje, ka kalli wayar lantarki ko turken da ke nesa. In ka ga abin ya rabu biyu, ko idonka ya fara ja cikin minti ɗaya, gilasan ciki sun goce, ka ajiye. Na taɓa sayen irin wannan da yamma cikin gaggawa ban gwada ba, na je bakin ruwa ina ganin kowace dinya da 'yar biyunta, na dawo da ciwon kai na yini guda.

Saita shi haka: ka buɗe ko ka matse hannayen biyu har da'irori biyu su zama ɗaya. Ka rufe idon dama, ka murɗa tayar tsakiya har abin ya fito tar a idon hagu. Sannan ka rufe na hagu, ka murɗa zoben da ke bakin idon dama shi kaɗai har ya fito. Daga nan tayar tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa.

Sauran kaya: ƙaramin littafin rubutu da fensir, gorar ruwa, hula, takalmi mai rufi, da tufafi ruwan ƙasa ko kore mai duhu. Farar shadda tana ƙyalli tana kuma ƙara, tun daga nesa tsuntsu zai san da zuwanka. A waya ka sauke manhajar Merlin mai taimakawa wajen gane tsuntsaye, kyauta ce, ka sauke kundin tsuntsayen yankinmu tun kana gida, domin a daji ba lallai ka samu sabis ba. Kyamara ba dole ba ce a tafiyar farko, ni ina ganin ma tana raba hankali.

Kuɗin tafiya kashi biyar ne: mota, masauki, kuɗin shiga, ɗan jagora, da hayar kwalekwale ko motar zagaye. Mota da masauki su ne masu cin kaso mafi girma, don haka ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba. Kada ku wuce haka, taro yana korar tsuntsu. A wasu wuraren akan karɓi kuɗin kyamara daban da na shiga. Ka riƙe tsabar kuɗi da canji, ka kuma yi ciniki da mai kwalekwale a tudu, ku ƙayyade awa nawa da ina da ina, kafin ka sa ƙafa a ciki.

Hattara: a Yankari akwai ƙudan tsando, kuma shuɗi da baƙi ne suke jawo shi. Ka guji waɗannan launuka biyu, ka sa mai dogon hannu.

5. Yi sallama kafin ka ɗaga madubi

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, kuma shi ya fi jawo matsala. Baƙo da madubin hangen nesa yana leƙen bayan gari, a wannan zamani, ba wanda zai ce tsuntsu yake kallo. In ƙauye ne, ka fara da gidan mai unguwa ko dagaci. Ka gaishe shi, ka ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, mun zo kallon tsuntsayen fadamarku, muna neman izini da wanda zai raka mu." Sau da yawa shi zai haɗa ka da masunci ko tsohon maharbin da ya san inda kowane tsuntsu yake kwana. In gandun gwamnati ne, ka je ofis ka yi rajista su ba ka ma'aikaci.

Ɗan jagora na gari ya fi kowace manhaja. Ka tambaye shi da sunan da ya sani: "Baba, ina dinya ke sauka da safe?" Ka tuna sunaye suna canzawa daga gari zuwa gari, a ƙasar Bade da Nguru ma wasu da wani harshe za su faɗa maka. Ka rubuta sunan yadda ya faɗa, ka nuna masa hoto ya tabbatar.

Hattara: kada ka ɗaga madubi ko kyamara kusa da shingen jami'an tsaro, gada, ko madatsar ruwa. Kada kuma ka juya shi wajen gidajen mutane ko mata masu wanki a bakin rafi.

6. Fita da wuri, tafi a hankali

Ka kasance a wurin kafin rana ta ɓullo. Awa uku na farko su ne kasuwar. Daga ƙarfe goma tsuntsaye sun shige inuwa, sai ungulu da gaggafa da ke hawa iska mai zafi. Bayan la'asar kasuwa takan sake ci har magariba.

Ka sa rana a bayanka. In tana gabanka, kowane tsuntsu baƙi za ka gan shi. Da hunturu, ranar da hazo ya yi kauri launi ba ya fitowa daga nesa, sai ka matsa kusa ko ka dogara da siffa.

Taku goma, ka tsaya, ka saurara. Kunne ne ke fara gani. In ka hango tsuntsu, kada ka nuna shi da yatsa, kada ka sauke ido ka nemi madubi. Ka kafe idonka a kansa, ka ɗago madubin ya tarar da idon. Masu farawa a nan suke ɓatar da rabin abin da suka gani. In za ka nuna wa abokinka, ka yi raɗa: "tsamiyar can, reshen dama, ƙasa da tsakiya."

Wani lokaci zama ya fi yawo. Ka samu bakin ruwa ko ɓauren da ya nuna, ka jingina da kututture, ka yi shiru rabin awa.

Hattara: a Yankari ba a yawo a ƙasa ba tare da ma'aikaci ba, akwai giwa, ɓauna da dorina. A fadama kada ka shiga ruwa ba takalmin roba, tsargiya a irin wannan ruwan ake ɗauka. A duwatsun Filato da Bauchi kada ka cusa hannu ƙarƙashin dutse, wurin kububuwa ne. A kwalekwale kuma ka zauna, kada ka miƙe don tsuntsu ya tashi.

7. Bi tsarin kallo, launi a ƙarshe

In tsuntsu ya shiga madubinka, ka tambayi kanka abu biyar a jere: girmansa, siffar bakinsa, tsawon ƙafa da wutsiya, abin da yake yi, sannan launi. Kada ka buɗe waya sai ya tashi. Waya tana nan, tsuntsun ne ba zai jira ba.

Ga yadda tsarin yake aiki a kan waɗanda aka fi tambayata.

Burtu. Na fara ganinsa wata safiya a Yankari, a filin da aka ƙone. Tun da duhu muke jin wani gurnani mai zurfi kamar ana buga ganga a cikin rami. Da gari ya waye sai ga su su biyu suna takawa a cikin toka, baƙaƙe ƙirin, tsayin kowanne ya kusa mita ɗaya, suna duba ƙasa suna tsintar fara da ƙadangare. Namijin yana da ja da shuɗi a maƙogwaro, macen shuɗi zalla. A saman bakin akwai wani ƙaho mai buɗaɗɗen gaba, ga gashin ido zara-zara. Da motarmu ta matsa sai suka yi 'yan gudu suka buɗe fiffike, fararen gashin da ke ɓoye suka bayyana. Wannan kan ne maharba ke ɗaurawa a goshi su rarrafa su yaudari namun daji. Burtu ba ya haihuwa da yawa, ɗa guda yakan raya, kuma yanzu yana cikin jerin tsuntsayen da ake fargabar raguwarsu. In ka gan shi, kada ka sa direba ya bi shi.

Cilakowa ƙanwarsa ce. In ka ga namiji yana kai abinci wata 'yar tsaga a jikin bishiya, macen tana ciki. Ita ke liƙe kanta da laka ta yi kwanci, shi yana ciyar da ita ta wannan kafa. Ka kalla daga nesa.

Tsanwaka takan zauna ita kaɗai a kan busasshen reshe ko wayar lantarki, shuɗiya mai ruwan ƙasa a baya, da siraran gashi biyu dogaye a wutsiya. In ana ƙona daji ka duba gefen hayaƙin, tana nan tana cafke ƙwari, tare da wasu jajayen tsuntsaye masu cin ƙudan zuma, masu koren kai, waɗanda ke haƙa ramukan sheƙa a gaɓar kogi.

Ladin kogi a kan yashin bakin manyan koguna take, toka-toka da baƙi da fari, cikinta ruwan lemo. Ƙwanta a cikin yashi take binnewa, saboda haka in ka ga tana kai da komo a wuri ɗaya, kada ka taka wajen.

Yautai sai magariba, a kan hanyar ƙasa. Akwai irin da namijinsa ke fitar da dogon gashi ɗaya a kowane fiffike lokacin neman mace, mai faɗi a ƙarshe kamar tuta. In ya tashi sai ka ɗauka wasu ƙananan tsuntsaye biyu ne ke bin sa. Yakan tashi ya sauka gaba kaɗan, ka matsa ya ƙara gaba, shi ya sa ake ce masa mugun tsuntsu. Ka tsaya a kan hanya.

Na Amurum kuwa su biyu ne, kuma sai an yi haƙuri. Na farko 'yar'uwar baiwar Allah ce da ke zama a duwatsu, wadda masana ba su bayyana ta a matsayin nau'i mai zaman kansa ba sai a 1998. Bambancinta da ta gida: bakin ta gida ja ne, na wannan toka-toka mai shuɗi, namijin kuma bayansa ja ne, saman kansa toka. Na biyu wani ɗan baƙin tsuntsu ne mai sheƙi da farin baki, wanda ba ya gina sheƙa. A sheƙar waccan ta duwatsun yake zuba ƙwai ta rena masa, ɗan ya tashi ya koyi waƙar mai renonsa. Da wannan waƙar ake bambanta shi da danginsa masu kama da shi, don haka a nan dole ka tafi da wanda ya san kukan. Ka je daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu, lokacin da namijin ke cikin baƙar riga yana rera waƙa a saman bishiya.

Gauraka fa? Shi ake ɗauka tsuntsun alamar ƙasar Najeriya, mai tukkun zinariya da farin kunci da ɗan ja. Gaskiyar magana, samunsa a dajin Najeriya yanzu sai an yi babbar sa'a. Bushewar fadamu da kama shi ana kai wa gidajen masu hali sun cinye shi. Garkensa na sosai sai a wurare irin su Zakuma ta Chadi da Waza ta Kamaru. Haka ungulun da muka taso muna gani a mahauta, tun 2015 tana cikin jerin masu dab da ƙarewa a duniya, kuma cinikin sassanta don magani yana cikin dalilan.

Hattara: in ɗan jagora ya ce zai kamo maka gauraka ko ɗan burtu, ko ya kai ka inda ake sayarwa, ka ƙi, ka faɗa masa dalili. Kada ka biya a kora tsuntsu ya tashi don hoto. Kada kuma ka riƙa kunna kukan tsuntsu a waya kusa da sheƙa, uwar takan bar ƙwai ta fito neman abokin faɗa.

8. Rubuta kafin ka bar wurin

A littafinka ka sa kwanan wata, wuri, lokaci, sunan tsuntsu da adadinsa. Wanda ba ka gane ba, ka zana shi ko da zanen bai yi kyau ba, ka ja kibiya ka rubuta "jan baki", "farin layi a ido", "yana kaɗa wutsiya". Kada ka cika gurbi da zato. Merlin yana taimakawa, amma yakan yi kuskure a kan kukan tsuntsayenmu, don haka abin da ya faɗa shawara ce, sai idonka ya tabbatar.

In ka fara sabawa, ka tura jerinka ta manhajar eBird da ke tattara bayanan masu kallon tsuntsaye, ko ta BirdLasser wadda masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya ke amfani da ita. Akwai garuruwa da yawa a arewa da ba wanda ya taɓa turo jerin tsuntsayensu, naka na bayan gari yana iya zama na farko.

Da ka dawo masauki, ka hure ƙurar gilashin madubi tukuna kafin ka goge da ƙyalle mai laushi. In ka goge da bakin riga ƙurar hunturu tana kai, za ta karce shi. A Wikki kuma ka rufe ƙofa da taga kafin ka buɗe ledar abinci, gwaggon biri ya san ƙarar leda.